Yumɓun da ruwan zafi ya haifa cikin jijiyoyin duwatsu

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Mallawa, ya bi ta Magarya zuwa Damagaram, yakan baro rairayi ya iske manyan duwatsu jibge a Birni. Duwatsun nan da na Muniyo, wajen Gure, ragowar tsaunuka ne masu aman wuta da gindinsu, waɗanda suka mutu yau kimanin shekara miliyan 300.

Sa'ad da narkakken dutse ke hucewa, yakan tsattsage. Ruwa ya nutsa cikin tsagogin, ya ɗau zafi a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙa cin jikin dutsen yana kwasar ƙarfen da ke ciki. Da ya fara sanyi, sai ya ajiye yumɓu mai ƙarfe, kore ko ɗorawa, har tsagar ta cika ta zama jijiya. In iska ta taɓa shi, sai ƙarfen ya yi tsatsa, launin ya koma ja. Ɗaya daga cikin irin wannan yumɓu shi ne nontronit, wanda masanin Faransa Pierre Berthier ya raɗa wa suna a 1827, daga garin Nontron.

Ina ruwan mai karatu da wannan? Ruwansa ne kuwa na sha. Dutse ba ya riƙe ruwa sai cikin tsaga. In tsagar buɗe take, foraji ya ba da ruwa. In yumɓu ya toshe ta, kuɗin ginin sun salwanta. Ƙarancin ruwa a cikin duwatsun Damagaram ne ya sa ake jawo wa birnin ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza. Saboda haka ma'aikacin da zai sa hannu a kwangilar foraji bisa dutse, wajibi ne ya nemi rahoton masana ƙasa tukuna.

Ɗan kasuwa ma akwai nasa darasi. A Riruwai ta jahar Kano, ruwan zafi ya ajiye kuza cikin jijiyoyin dutse, har aka gina rami aka haƙe ta. Amma sau da yawa jijiya yumɓu kawai ke gare ta. Koren launi shaida ce ruwan zafi ya ratsa wurin, ba shaidar arziki ba. Wanda aka kawo wa dutse mai launi, ya kai a auna masa kafin ya kwance bakin jakarsa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.