Suna Linzami: Yadda Ake Raɗa Wa Bakteriyar Ƙanƙara Suna

Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda masana kimiyya ke gano sababbin ƙwayoyin bakteriya a cikin daskararriyar ƙanƙara, da yadda suke raɗa musu suna, domin a nan ne kimiyya ta haɗu da nazarin harshe.

Daga Ƙanƙara Zuwa Ɗakin Gwaji

Da farko akan haƙa ƙanƙarar, a ciro wani yanki, a narkar da shi a tsanake don kada ƙwayoyin waje su gurɓata shi. Daga nan sai a raini abin da ke ciki a wuri mai sanyi. Aikin na buƙatar haƙuri. A shekarar 2009, masana daga Jami'ar Jihar Fensilbeniya a Amurka sun ba da labarin wata ƙwaya da suka samo a zurfin kusan kilomita 3 a ƙanƙarar Girinlan, wadda ta kai kimanin shekara 120,000. Sai da suka shafe fiye da wata 11 suna rainon ta kafin ta yaɗu yadda ido zai gani.

Tantancewa

Kamannin jiki bai isa shaida ba, saboda bakteriya da yawa sun yi kama da juna. Don haka akan karanta wani sashe na ƙwayar gado mai suna 16S, hanyar da ta samo asali daga aikin Carl Woese a 1977. Idan kamancinsa da na sanannun jinsuna bai kai kashi 98.7 cikin ɗari ba, to ana kyautata zaton sabon jinsi ne. Daga nan sai a kwatanta ƙwayar gadon gaba ɗaya don tabbatarwa.

Raɗin Suna

Sunan kan zo da kalma biyu bisa tsarin Linnaeus: ta farko ta dangi, ta biyu ta jinsi, kuma dole su bi nahawun Latin. Waccan ƙwaya ta Girinlan an kira ta Herminiimonas glaciei. Kalmar glaciei na nufin "ta ƙanƙara", wato ɗafa-ƙeyarta na yin aiki irin na mahaɗin -n da -r a Hausa. Sannan suna ba ya tabbata sai an ajiye samfurin ƙwayar a rumbunan adana ƙwayoyi na ƙasashe biyu daban-daban.

Kammalawa

A 2022, wani bincike a kan ƙanƙarar tsaunuka 21 na yankin Tibet ya gano jinsuna 968, mafi yawansu ba a san su ba a da. Sai dai ɗumamar yanayi na narkar da wannan ƙanƙara, har da ta Dutsen Kilimanjaro a nan Afirka. Duk ƙwayar da ta salwanta kafin a tantance ta, ta tafi ba suna, kamar kalmar da ta mutu a bakin tsofaffi ba ta shiga ƙamus ba.