Haƙƙin Mai Fasaha, Rabon Jama'a

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau zai duba haƙƙin mallakar fasaha: ina haƙƙin marubuci da mawaƙi da mai shirya fim ya tsaya, kuma daga ina rabon jama'a ya fara?

(Kiɗa ya lafa)

Bari mu leƙa shagon masu tura finafinai, irin wanda ba a rasawa a kowace unguwa. Kwamfuta ce guda a kan tebur, igiyoyin caji sun sarƙe, matasa sun yi layi kowa da wayarsa ko memori a hannu. Cikin ɗan lokaci an cika maka waya da finafinai da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Mai shago ya samu na cefane, mai waya ya samu abin kallo. Idan babu wata yarjejeniya tsakanin mai shagon da mai fim, furodusan da ya ci bashi ya biya 'yan wasa, ya yi hayar kyamara, ya ciyar da ma'aikata, ko sisi ba zai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A da, daga Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ake rarraba kaset da faifan finafinan Hausa zuwa garuruwa. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da wannan ciniki, har masu shirya fim da yawa suka koma YouTube.

Wannan zalunci ne, kuma doka ta hana shi. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dokar ta yi la'akari da zamanin intanet: mai fasaha na iya neman a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora shi ba da izininsa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin tabbatar da bin ta.

(Gajeren kiɗa)

To amma masu sauraro, dokar tana da ɗaya ɓangaren da ba a cika maganarsa ba. Tun asali, haƙƙin mallaka yarjejeniya ce tsakanin mai fasaha da al'umma, kuma tana da wa'adi. Dokar da aka kafa a Birtaniya a 1710, zamanin Sarauniya Anne, ta ba marubuci shekara 14, a ƙara masa wasu 14 idan yana raye, daga nan littafi ya zama na kowa. Manufarta ita ce ilimi ya yaɗu. A Najeriya yau wa'adin littafi shi ne tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne.

Ku ɗauki Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981. Bisa wannan lissafi, sai bayan 2051 littattafansa za su zama na kowa da kowa. Amma shi kansa littafinsa Magana Jari Ce daga ina aka ɗebo shi? Imam ya tsinto labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na wasu al'ummomi, ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin aku, har suka zama kamar a ƙasar Hausa aka haife su. Da an kulle waɗancan labarai har abada, da ɗaliban Hausa ba su samu wannan littafi ba. Duk mai fasaha ya ɗebi wani abu daga magabata, shi ya sa na baya ma suke da rabo a aikinsa.

Ko kafin wa'adi ya cika, doka ta bar ƙofofi a buɗe. Ɗalibi na iya ɗaukar wani yanki na littafi don nazari. Malami na iya kafa misali da shi a aji. Ɗan jarida da mai sharhi na iya kawo wani sashe, muddin sun ambaci mai shi kuma ba su wuce gona da iri ba. Ɗakunan karatu ma suna da damar adana ayyuka don kada su salwanta.

Ƙofar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta makafi. Ku yi tunanin ɗaliba makauniya a jami'a, jarrabawa ta matso, littafin darasi yana hannunta amma takarda ce shafaffiya, sai ta jira wata ƙawa ta samu sukunin karanta mata. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kokawa cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ake mayarwa yadda makaho zai iya karantawa. Saboda haka aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a ƙasar Maroko a 2013. Najeriya ta amince da ita a 2017, dokar 2022 kuma ta shigar da ita. Yanzu cibiyoyin da aka amince da su na iya mayar da littafi rubutun makafi ko sauti ba tare da jiran izinin mawallafi ba, matuƙar ba don riba ba ne. Marubuci bai yi asarar komai ba, ɗaliba kuma ta samu karatu.

(Gajeren kiɗa)

A nan ne bambancin yake. Wanda ya kwafi shafuka kaɗan don jarrabawa yana cikin haƙƙinsa. Wanda ya ɗauki hoton littafin marubuciya dungurungum ya watsa a WhatsApp, ko ya karanta shi a tasharsa yana karɓar kuɗin talla ba da saninta ba, ya ci guminta, ko da ya ce taimakon jama'a yake yi. Idan marubuciya ta gaji ta ajiye alƙalami, jama'ar da ake faɗa don su ne za su rasa littafi na gaba.

Aiki ya rage wa kowa. Hukuma ta fassara dokar nan da Hausa, ta shiga kasuwanni ta wayar da kai. Masu shirya fim da masu tura finafinai su zauna su tsara yadda kowa zai samu rabonsa, a farashin da talaka zai iya biya. Marubuta da mawaƙa su riƙa rubuta yarjejeniya kafin su miƙa aikinsu. Kai kuma mai sauraro, kafin ka tura wa wani littafi ko waƙa, ka tambayi kanka ko mai ita ya yarda.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)