Abin Da Ke Tsai Da Ɗan Dambe Bayan Ya Sha Ƙasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara ba sai an kwatanta masa dambe ba. Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kuɗin auduga da gyaɗa suka shiga aljihu, sai a ji kalangu na tashi da la'asar a bayan gari. Tun daga Tsafe, a bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, a shiga Gusau, a wuce Bungudu, da wuya a sami garin da tsofaffinsa ba su da labarin wani ɗan damben da su ke alfahari da shi. Asalinsa wasan mahauta ne, amma tuni ya zama na kowa. Ko a 'yan shekarun nan da fitinar 'yan bindiga ta rage wa mutane zirga-zirga, waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa ba su bar bakin jama'a ba.

Mutane da yawa suna zaton kaurin damtse shi ne ya ke yin zakara. Lalle ba a shiga fage sai da ƙarfi, amma masu ƙarfi suna da yawa, zakaru kuwa 'yan kaɗan ne. Mu a ganinmu, inda a ke rarrabe su shi ne ranar da mutum ya sha ƙasa a gaban jama'a. Abin da ya yi daga wannan rana shi zai nuna ko zakara ne.

A dambenmu, ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba yana kāre kansa. Turmi uku a ke yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. A damben Turawa kuwa, hannu biyu a ke sa wa safa mai kauri, kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1. Da can turmi 15 a ke yi in ana neman kambin duniya, yanzu an mai da shi 12. In mutum ya faɗi, alƙalin wasa zai ƙirga goma. In ya miƙe kafin a kai, a ci gaba. Watau nasu yana da ƙirgen goma ya tattaro zuciyarsa, namu kuwa sai ya kwana da abin, gobe ya sake fitowa gaban mutanen da suka ga faɗuwarsa. Jarrabawar dai ɗaya ce. Labarin zakarun duniya na ajin manya, watau waɗanda suka fi kowa nauyi, an rubuta shi filla-filla, saboda haka daga nan za mu ɗauko misalai.

A cikin shekarar 1936, Jo Luwis, baƙar fatar Amurka, yana da shekara 22, ba wanda ya taɓa cin sa tun da ya mai da dambe sana'a. Aka haɗa shi da wani Bajamushe, Maks Shimelin. Shi Bajamushen nan ya zauna ya yi ta duban hotunan wasannin Luwis, har ya gane cewa in ya kai naushi da hagu, ya kan saki hannun ya yi ƙasa. Ta wannan ƙofa ya yi ta shiga, ya kā da shi a turmi na 4, ya gama da shi a na 12. Luwis bai ce sammu aka yi masa ba. Ya koma wurin mai horad da shi, aka gyara hannun nan. A 1937 ya ci kambin duniya, a 1938 kuma aka sake haɗa su a birnin Niyok. Lokacin nan gwamnatin Hitila tana cika baki da Shimelin, duniya duka ta kasa kunne ga rediyo. Cikin minti 2 da daƙiƙa 4 Luwis ya gama da shi. Ya riƙe kambin nan har 1949, ya kāre shi sau 25. Mafarin wannan duka shi ne ya yarda aibin nasa ne, ya nemi inda ya ke.

Wani kuma zai ce mai taurin zuciya shi ne wanda bai san tsoro ba. Labarin Filoid Fatasan ya ƙaryata wannan. A 1959 wani mutumin ƙasar Suwidin, Ingimar Yohanson, ya kā da shi sau 7 cikin turmi ɗaya, ya ƙwace kambinsa. Kunya ta sa ya ƙaurace wa mutane wata da watanni. Fatasan bai taɓa ɓoye cewa yana jin tsoron faɗuwa ba. Har ranar da Soni Listan ya buge shi a 1962, da gemun ƙarya ya sulale daga gari don kada a gane shi. Amma mutumin nan ne ya koma wa Yohanson a 1960 ya buge shi a turmi na 5, ya zama na farko a ajin manya da ya rasa kambi ya kuma karɓo shi. Ashe tsoro bai hana mutum zama jarumi, in dai bai hana shi komawa fage ba.

Muhammadu Ali kuwa haƙuri ya nuna wa duniya. A 1967 aka tuɓe masa kambi aka hana shi wasa saboda ya ƙi shiga soja, ya yi fiye da shekara uku bai shiga fage ba, a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ke ganiya. Ran 30 ga Oktoba, 1974, aka haɗa shi da Joj Foman a Kinshasa. Foman yana da shekara 25, ya yi wasa 40 ba a ci shi ba. Ali yana da 32, kuma galibin masana sun ce ba zai kai labari ba. Ali ya jingina da igiyar fage, ya rufe fuskarsa, ya bar Foman yana ta zuba masa duka a hannu da haƙarƙari har ya gaji. A turmi na 8 ya taso masa ya kā da shi. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Shi ma Foman bai ƙare a nan ba: bayan shekara 20, a 1994, yana da shekara 45, ya sake cin kambin duniya. A zamaninmu kuma, Antoni Joshuwa, wanda asalin iyayensa mutanen Shagamu ne, ya rasa kambinsa a hannun Andi Ruwiz a watan Yuni na 1919 da ɗari, watau 2019. Da suka sake haɗuwa a ƙasar Saudiyya cikin Disamba, bai zo da fushin ramuwa ba. Ya sake salo, ya tsaya nesa yana auna naushinsa, har turmi 12 suka cika alƙalai suka ba shi.

To, a ina ɗan dambenmu ya ke samo irin wannan zuciya? In ka tambayi 'yan kallo, za su nuna maka layu da tsagar da ke damtsensa, ko su ce kiɗa da kirari ne. Gaskiya ne take yana tsima mutum. Amma makaɗi yana yi wa wannan kiɗa, yana yi wa wancan, kuma kowa da layarsa ya zo. Duk da haka ɗaya ne zai faɗi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne renon da yaro ya ke samu. Ɗan dambe ba ya tashi shi kaɗai, yana da ubangida, har a kan kira shi shagon wane, da sunan wanda ya rene shi. A nan ya ke koyon zama ya kalli manya, ya san wanda ya dace ya sa zare da shi da wanda bai kai ba tukuna. Yana kuma da ɓangarensa, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa, inda zai koma in an buge shi, a wanke masa fuska, a nuna masa inda ya yi sake. Wanda ya san yana da wurin komawa, faɗuwa ba ta karya shi.

Saboda haka ne abin ya ke damunmu in muka ji waɗansu samari suna neman zuciya a cikin ƙwaya, irin su tiramol. Ƙwaya tana kashe jin zafi, ta kuma kashe lura. Shimelin da lura ya ci Luwis, Luwis da lura ya rama, Ali ma da ita ya gajiyad da Foman. Wanda ya dushe hankalinsa kafin ya shiga fage ya zubad da makamin da ya fi kowane amfani, ya kuma ɗauko wa kansa ciwon da zai bi shi har tsufa.

Har wa yau, wajibi ne a rarrabe taurin zuciya da taurin kai. A 1975, a birnin Manila, Ali da Jo Fireza suka yi turmi 14 suna dukan juna, har idanun Fireza suka kumbura ba ya gani sosai. Ya nace sai ya fita turmi na ƙarshe, mai horad da shi, Edi Fac, ya hana shi. Fireza ya ji haushi ƙwarai, amma dattijon nan ya fi shi hangen nesa, gama kambi bai kai rai ba. Ali kuwa ya ci gaba da wasa har 1981, bayan makusantansa sun ba shi shawarar ya bari. A 1984 aka tabbatar yana da ciwon karkarwar jiki, ya yi ta fama da shi har rasuwarsa a 2016, kuma akwai likitocin da ke ganin yawan dukan kai yana da hannu a ciki. Sanin ranar kwance zare shi ma jaruntaka ne, kuma sau da yawa ubangida ne ya ke fara ganin ranar.

Malaman makaranta da manyan akawuna, ku ne iyayen gidan waɗansu 'yan dambe da ba su naɗe hannu. Yaron da ya faɗi jarrabawa, da ƙaramin akawun da aka mayar wa da lissafinsa cike da jan alƙalami, sun sha ƙasa a gaban jama'a. In kun yi musu dariya, ko kun bar su suna cewa malami ne ba ya son su, kun rufe musu ƙofar gyara. Ku zaunad da su ku nuna musu daidai wurin da hannunsu ya yi ƙasa. Ku gaya musu jin tsoro da kunya ba aibi ba ne. Ku ba su lokaci su shirya, sa'an nan ku mai da su fage. In kuwa kun ga wannan fage ba nasu ba ne, ku faɗa musu gaskiya da wuri, ku nuna musu wani. Yaran Gusau da Tsafe da Bungudu sun tashi cikin zamani mai wuya, waɗansunsu an raba su da gonakinsu da makarantunsu. Suna bukatar wanda zai koya musu tashi fiye da mai yi musu kirari.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa 'ya'yanmu su zama masu tashi in sun faɗi. Amin.