WA YA CANCANCI LAUYAN KYAUTA A ƘARAR NEMAN HAKKI?

Sau da yawa akan ga leburan da inji ya cinye wa hannu a masana'anta, ko matar da mota ta kashe wa miji, sun haƙura da diyyarsu don kuwa ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Galibinsu ba su ma san cewa Gwamnatin Tarayya tana da hukumar da aka kafa domin irinsu ba, watau Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda hedkwatarta ke Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi.

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa ta da doka mai lamba 56 ta 1976, bayan fafutukar da lauyoyi irin su marigayi Cif Chimezie Ikeazor suka yi. Da fari aikinta bai wuce kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka irin su kisan kai ba. Daga baya aka shigo da ƙarar neman diyyar haɗari da ta tauye 'yancin ɗan Adam, sa'an nan a 2011 aka soke tsohuwar dokar aka yi sabuwa, wadda ita ake aiki da ita yanzu.

To, amma ba duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ake buɗe wa ba. Sharaɗin farko shi ne samun mutum kada ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Lokacin da aka yi dokar naira 18,000 ne a wata, ya koma 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024. Wannan dabara ce mai kyau, domin a da adadin kuɗi ake rubutawa cikin doka, har ya tsaya a naira 5,000 a shekara, tsadar rayuwa ta wuce ta bar shi a nan, ya zamana ko mai turin kura ya fi ƙarfin taimakon. Sai dai ma'aunin albashi ya fi dacewa da mai takardar biya. Manomin da ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara bayan kaka, da mai tallar goro, da wuya su iya nuna samunsu na wata, ga shi kuwa su ne mafi yawan mabukata. Ban da samu, akan duba dukiyar da mutum ya mallaka.

Wanda samunsa ya ɗara haka, majalisar gudanarwar hukumar tana da ikon ta taimake shi idan akwai dalili na musamman. Akwai kuma tsarin da mai hali zai sa hannu a kuɗin shari'ar, in ya ci ƙara hukumar ta riƙe kashi 10 cikin 100 na diyyar don mayar da abin da ta kashe.

Sharaɗi na biyu kan ƙarar ce kanta. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 46, bayan ya umurci Majalisar Tarayya ta tanadi taimako ga talakan da aka tauye wa 'yanci, sai ya ƙara da cewa lalle a tabbatar kukan nasa yana da tushe, bukatar tasa kuma ta gaskiya ce. Ma'ana, kuɗin jama'a ba na rama gayya ba ne. Wanda ya ɗauko rigimar da ba ta da kai don kawai ya wahalar da maƙwabcinsa, ba za a ba shi lauya ba, ko da ba shi da ko anini.

Wanda kuwa ya ɓoye gidan haya ko shanu ya yi ƙaryar talauci, ya aikata laifin da dokar ta tanadar wa hukunci. A ganina wannan daidai ne, gama lauyoyin hukumar kaɗan ne, kuma duk ranar da ɗayansu ya ɓata a kan mai hali, wani da ke tsare yana jiran shari'a ne ya rasa ta. Don rage wannan ƙarancin ne ake turo lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, dokar 2011 kuma ta ce lauyan da ke neman muƙamin Babban Lauyan Nijeriya sai ya nuna ya yi aƙalla shari'u 3 kyauta a shekarar da ta gabaci nemansa.