Idan Babban Layin Wuta Ya Faɗi, Wa Za A Tambaya?

Yau shirin namu zai duba kamfanin TCN ne, wanda ke ɗauko wutar lantarki daga tashoshi irin su Kainji da Jebba da Shiroro ya kai ta jihohi.

A watan Nuwamba na 2013 gwamnati ta miƙa tashoshin samar da wuta da kamfanonin rarraba ta, irin su KEDCO a Kano, ga 'yan kasuwa. Amma manyan layukan da ke ratsa dazuzzuka a kan turakun ƙarfe, waɗannan ta riƙe su a hannunta ɗungurungum. Ke nan TCN kamfaninmu ne, da dukiyar al'umma ake tafiyar da shi.

Ku tuna watan Oktoba na 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, rashin tsaro ya hana masu gyara shiga wurin. Sai ga layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke biyowa ta Binuwai, shi ma ya tsaya. Kusan kwana 10 yawancin jihohin Arewa na cikin duhu. Mai ƙanƙara ya zuba ido jarinsa na narkewa a firiza. Mai niƙa ya rufe shago, mata suka koma gida da ƙwaryar masara a ka. Ruwa ya yi tsada saboda famfunan burtsatse sun tsaya, mutane suka yi ta layi a wurin masu cajin waya. A Sharaɗa da Bompai da ke Kano, masana'antar da ba ta iya sayen dizal ba sallamar ma'aikata ta yi.

Masu fasa turaku suna da laifi, wannan ba gardama. Amma yaya aka yi yanki guda mai miliyoyin mutane ya rataya a kan layuka biyu kacal shekara da shekaru? Wannan tambaya ta masu tsara aiki ce, kuma su ya kamata su amsa ta. Abin da muka saba ji shi ne gajeriyar sanarwa ta ban haƙuri, a ce injiniyoyi na kan aiki, washegari a wuce wurin.

Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki takan hukunta kamfanonin rarraba wuta; a 2024 ta ci su tarar sama da naira biliyan 10 kan tsawwala wa marasa mita kuɗi. Madalla. Sai dai gwamnatin da ta mallaki TCN ita ke naɗa shugabannin hukumar, kuma ita kanta mai cin bashin wuta ce. A watan Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatun da yake bi kusan naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa a ciki.

A 2025 an cire aikin sarrafa babban layin daga hannun TCN, aka damƙa shi ga sabuwar hukuma mai suna NISO. Abin da muke nema daga su biyun, da kwamitocin wuta na Majalisar Dokoki, shi ne duk ranar da layin ya faɗi a fito da rahoto a fili: me ya lalace, a ina, nawa aka ware don gyaransa a baya, kuma wane jami'i aka ɗora wa aikin.