Sallar Soja A Kan Hanyar Fagen Fama

Yau za mu yi magana a kan sallar sojan da aka tura bakin daga. Wasu jama'a suna zaton salla ta faɗi a kansa har sai ya komo. Wannan zato kuwa ba shi da madogara.

Mu ɗauki misalin rundunar ECOMOG. A watan Agusta 1990 aka tara sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya a Firitawun, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Monrobiya ta ƙasar Laberiya, inda suka sauka ran 24 ga wata, mayaƙan Charles Taylor suna yi musu ruwan wuta.

Tsakanin biranen nan biyu ya haura mil 200, alhali a mazhabar Imamu Malik tafiyar mil 48 ta isa a yi kasaru. Saboda haka Azahar da La'asar da Lisha sun koma raka'a bibbiyu. Ruwan teku yana tsarkakewa, ba hujjar taimama. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, in jirgi ya juya sai mai salla ya juya, matuƙar da hali.

To, da aka sauka fa? Allah Ya yi bayanin sallar tsoro cikin Suratun Nisa'i, aya ta 102. Yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo shi, liman zai raba jama'a biyu. Ya yi raka'a ɗaya da kashin farko, ya dakata a tsaye, su cika da kansu, su tafi su karɓi gadi. Kashi na biyu su zo ya yi ta biyun da su, ya sallame, su tashi su cika. In kuwa wuta ta yi tsanani, kowa ya yi tasa da ishara, yana tafe ko yana cikin mota, ko da bai fuskanci alƙibla ba.

Saura batun zama. Ɗan kasuwan da ya yi niyyar kwana 4 a wani gari sai ya cika salla, amma Muhtasar na Halil ya togace runduna a ƙasar yaƙi. A ganinmu dalilin a fili yake, domin zaman soja ba a hannunsa yake ba, yau yana nan, gobe an ce ya tashi. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kwana 20 a Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, yana kasaru.