Saura Kwana Nawa? Yadda Ake Koya Wa Yara Karanta Kalanda

A gidajen ma'aikata da dama a Abuja, wayar hannu ta maye gurbin kalandar bango da bankuna da kamfanoni kan raba a ƙarshen shekara. Babba bai yi asara ba, domin kwanan wata yana cikin aljihunsa. Yaro ne ya rasa abin da zai ɗaga kai ya gani, ya san cewa kwanaki suna tafiya a jere, kuma hutun makaranta da Sallah suna da gurbin da za a iya nunawa da yatsa.

Harshen Hausa ya riga ya share wa iyaye hanya. Akwai shekaranjiya da jiya da yau, akwai gobe da jibi da gata da citta. Ƙaramin yaro yakan rikita su, ya ce ya je makaranta gobe. Idan aka rataye kalanda daidai tsayinsa, kowace safiya ya soke gidan jiya da fensir, ya ɗora yatsa a kan na yau, kalmomin sai su sami mazauni. Lissafin da ya fi zauna masa shi ne na kwana, domin barci abu ne da ya sani: saura kwana uku na nufin zai kwanta sau uku.

Sunayen rana su ne mataki na biyu. Duk gidan da ke da Ladi ko Talatu ko Balarabe ko Lami ko Jummai ko Asabe yana da darasi a hannu, tunda kowane suna yana nuna ranar haihuwar mai shi. Bikin suna ma yana taimakawa. Jaririn da aka haifa ranar Talata, Talata mai zuwa ake raɗa masa suna, kuma a kalanda gidan yana ƙarƙashin na farko kai tsaye. Da haka yaro ke gane cewa sauka layi ɗaya ƙarin kwana 7 ne. Sai dai a duba rana ta farko a layin sama, domin wasu kalandu da Lahadi suke farawa, wasu da Litinin.

Aiki mafi nauyi shi ne fahimtar da shi cewa lissafi biyu ake bi. Kalandar miladiyya, wadda Fafaroma Gregory na 13 ya gyara a 1582, tana da kwana 365, kuma Fabrairu kan sami kwana 29 kusan duk bayan shekara huɗu, kamar a 2024 da 2028. Ta Hijira kuwa, wadda aka tsara a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, da wata take tafiya. Kowane wata kwana 29 ne ko 30, shekara kuma 354 ko 355. Ratar kusan kwana 11 ita ke sa azumi ke matsowa kowace shekara, ya faɗo wani lokaci a bazara, wani lokaci a hunturu. Sabuwar ranarta kuma da faɗuwar rana take shiga, shi ya sa daren Juma'a ke farawa da magaribar Alhamis.

Ana iya nuna wannan bambanci da fensir kala biyu. Kala ɗaya ta ranakun da ba su motsi: 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 ga Disamba. Ɗaya kuma ta waɗanda ke sauya gurbi, irin su Ista da Maulidi da Sallah. Yaron da ya ga an zagaye gida biyu a ƙarshen Ramadan zai fahimci dalilin da ya sa gida ke sauraron sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata, da kuma dalilin da ya sa iyayensa ke jiran Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ayyana ranakun hutu.

Idan ya fara rubutu, sai a koya masa tsarin Najeriya: rana, wata, shekara. Wasu wayoyi da kwamfutoci suna bin tsarin Amurka, inda wata ke zuwa farko, har 3/4 ya zama 4 ga Maris a maimakon 3 ga Afrilu. Kuskure irin wannan a takardar jarrabawa ko katin asibiti yana da tsada, kuma minti biyu kowace safiya a gaban kalanda sun isa su kare yaro daga gare shi.